Jitar Ɗangoggo Ta Sha Siminti

Shekarar da gwamnati ta naɗe tabarmarta daga Legas ta dawo Abuja, ban san wanda ƙaurar nan ta taɓa a Mararaba kamar Ɗangoggo ba, alhali ko gadin ofis bai taɓa yi wa gwamnati ba. Kayan wuta yake sayarwa a bakin titi, su dutsen guga da fanka da soket. Ranar Asabar kuwa, daga la'asar zuwa magariba, shi ne mai jitar bes, wato mai kaurin murya, a cikin makaɗan Madam Rosemary, mai lambun sayar da abinci a bayan tasha. Ni Habibu ni ke kan ganguna, kuma gidan haya ɗaya muke da shi, ƙofa na kallon ƙofa. Saboda haka labarin nan wani na gani da idona, wani kuma ta taga ya shigo mini ba tare da na roƙa ba.

Jitar tasa irin mai ƙaton cikin nan ce, tsirkiya huɗu masu kauri, cikin fayau babu komai sai iska, da tsaga biyu a gaba kamar girar da aka ja wa kwalli. A Sabon Garin Kano ya saye ta, amma in yana bayani sai ka rantse jirgi ya hau ya je ya ɗauko ta.

"'Yar Jamus ce," in ji shi ga duk wanda ya yi kuskuren tambaya. "Uku kacal suka shigo Afirka. Ɗaya tana Akara, ɗaya ta nitse a teku tare da jirgin da ya ɗauko ta, ta ukun ga ta a kafaɗata."

Shekara huɗu muna shan wannan karatu ba mu musa ba, don babu wanda ya taɓa ganin wata balle ya kwatanta. Gaskiya ɗaya kuma zan faɗa masa, mutumin ya iya kiɗa. In ya saki ɗum-ɗum ɗin nan, har mai wanke wa Madam kwanoni sai ta girgiza kafaɗa. Bakin ne dai kullum yake riga hannun isa.

Sai ga mutanen Legas sun fara sauka. Kullum manyan motoci na sauke kujeru da firiji da katifu, waɗanda ba su sami gida a Garki da Wuse ba suka kwararo mana Mararaba. Cikinsu akwai Simon, mutumin Kafanchan, masinja a wata ma'aikata, wanda ya shekara goma sha biyar a Legas. Muna tsaye ni da Ɗangoggo aka sauke kayansa. Leburori biyu ƙarti suka rungumo wani dogon akwatin katako mai ƙarfe a kusurwoyi, suna nishi, jijiyoyin wuyansu a tashe.

"Oga, gawa ce a ciki?" in ji ɗaya.

"Jita ne," in ji Simon. "A hankali, don Allah."

Suka dire shi a ƙasa, Simon ya tsuguna ya buɗe don ya ga ko hanya ta yi mata illa. Muka leƙa. Wallahi kamar an tsaga kara, ita da ta Ɗangoggo. Cikin ɗaya, tsagar ɗaya, kalar ruwan zumar nan ɗaya. Simon ya shafa ta, ya rufe, ya sa kwaɗo.

Na ce, "Ɗangoggo, ashe wadda ta nitse a teku ta iya ruwa."

Bai yi dariya ba.

Ranar Asabar Simon ya zo lambun Madam ya zauna ya saurare mu, ido a rufe, yana kaɗa kai. Da muka tsaya hutu ya taso ya gaida Ɗangoggo da hannu biyu, ya roƙi ganin jitar. Ɗangoggo ya miƙa masa yana hura hanci. Simon ya juya bayanta. To akwai wata sitika ta hoton damisa da Ɗangoggo ya manna a bayan wuyan jitar tun ranar da ya saye ta, gumin shekara huɗu ya ɗaga ta. Simon ya karanta abin da ke ƙarƙashi ba da wata manufa ba.

"Ah, Taiwan! Kwafi ne mai kyau sosai, oga. Sun yi ƙoƙari."

Cokulan mutane suka tsaya a hanyar baki.

"Wa ye kwafi?" in ji Ɗangoggo.

"Ba kai ba, oga, jitar."

"A Taiwan aka yi mata fenti! Jamusawa ba su da rana, can suke kai kaya su bushe!"

"Ban sani ba, oga."

"Ai ba za ka sani ba. Kai wasiƙa ka sani!"

Madam Rosemary ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Mace ce da ba ta son dogon zance, Hausarta ma gajeruwa ce.

"Ni ban san Jamus, ban san Taiwan," ta ce. "Kunne na ne zai yi alƙali. Sati biyu mai zuwa ma'aikatan su Simon zai yi fati a nan, na maraba da Abuja, har Darakta zai zo. Kowa ya kawo jita nasa ya buga. Wanda ya fi daɗi shi zai tsaya. Bes biyu ba zai ci shinkafa na ba."

Nan fa ido ya raina fata. Wurin tsayuwar nan na hannun damana a kan dandamali shi ne duk abin da Ɗangoggo yake taƙama da shi a duniya. Masu sayar da soket sun fi ɗari a bakin titin Mararaba, amma mai bes shi kaɗai ne, har 'yan tasha ba sa kiransa da komai sai Oga Bes.

Washegari na iske shi a rumfarsa yana ta murmushi shi kaɗai, na san an shiga uku. Ya ɗauko dutsen guga biyu ya ɗora mini a hannuwa.

"Wanne ya fi nauyi?"

"Na dama."

"To shi ne orijina. Haka fanka, haka batir, haka waya. Shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, ban taɓa ganin kayan ƙwarai mara nauyi ba. Na nemo leburorin nan na tambaye su. Ɗaya ya ce har yau bayansa bai saki ba. Ka ga asirin Jamusawa ke nan. Su suna cika cikin, 'yan Taiwan suka yi rowa suka bar shi fanko."

Na ce, "Akwatin fa? Na ga kamar katakon ma..."

"Akwati ai riga ce. Wa ka taɓa ji ya yi nishi saboda riga?"

"To me za ka yi?"

"Abin da suka rage zan ƙarasa musu. In na gama, shi kansa Bajamushen sai ya zo Mararaba ɗaukar darasi."

Da yashi ya fara, tun da a Abujar wancan lokaci yashi ya fi abinci yawa, ko'ina gini ake yi. Ya ɗebo bokiti guda, ya ɗauki rariyar matarsa Batulu ya tankaɗe, ya sa mazurarinta na kalanzir a bakin tsagar ya yi ta ɗurawa. Batulu tana tsaye riƙe da ƙugu.

"Malam, rariyar tuwona ce fa."

"Tarihi ake kafawa kina maganar tuwo."

"To tarihin za ka ci yau, don da ita zan tankaɗe garin."

Haka kuwa aka yi, ta taga na riƙa jin haƙoransa suna ƙaras-ƙaras, bai kuma isa ya yi magana ba.

Ranar Laraba muke gwaji. Simon yana ofis, sai mu kaɗai da Madam tana jera soyayyen kifi a faranti kusa da dandamali. Ɗangoggo ya taɓa tsirkiya, sai lasifika ta ce ɗum, ta biyo da shaaa. Ya sake, ɗum, shaaa.

Mai jitar gaba ya waiga. "Wa ya kawo caki?"

"Sabon salo ne," in ji Ɗangoggo. "Kiɗa biyu a kaya ɗaya."

Ya ɗaga wuyan jitar sama irin yadda ya saba in kiɗa ya yi daɗi, yashin ya gangara gindi gaba ɗaya, jitar ta fizge shi baya. Ya sunkuyo don ya gyara tsayuwa, sai tsagogin biyu suka buɗe baki. Yashi ya zubo shaaa, rabi a takalminsa, rabi a kan kifin Madam.

Madam ta dubi kifi, ta dube shi. "Kifi na ya riga ya mutu, Ɗangoggo. Ba ya bukatan ka mayar da shi bakin kogi."

A hanyar gida na ɗauka ya haƙura. Ina! Cewa ya yi nauyin daidai ne, matsalar kawai yashin ba ya zama wuri ɗaya, yana bukatar abin da zai kama shi. Da Batulu ta tafi ɗebo ruwa ya juye garin kwakinta mudu biyu a cikin jitar, ya bi shi da ruwan ɗumi, ya rungume ta ya yi ta jijjigawa kamar mai rarrashin jariri. Ya jingine ta a bayan ƙofa ta huce.

Watan Maris ne, zafin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Kwana biyu duk gidan ya ɗauki tsami. Maƙwabta suka yi ta shinshina ɗakunan juna, har matar mai gida ta zargi wani bawan Allah ɗan Binuwai da dafa burkutu a ɓoye. Batulu kaɗai ta san gaskiya, ita kuma ta daina yi masa magana sai ta bakin bango.

"Bango, ka gaya wa mai ɗakin nan garina ya kumbura, jitarsa ta yi cikin wata bakwai."

"Bango, ka gaya mata ƙarin girma ƙarin murya ne."

Asabar ta zo, lambu ya cika da baƙin Legas. Muka fara kiɗa, muryar jitar ta fito a daƙushe kamar mai mura, amma dai tana fita. Muna tsakiyar waƙa ta biyu na ga Ɗangoggo ya ɗaga kafaɗa ɗaya. Ya ɗaga ɗayar. Ya buga ƙafa, ya murɗa ƙugu, ya yi tsalle ya dire. Cinnaku ne. Tun daren Alhamis suka tare a cikin jitar da iyalansu, girgizar tsirkiya ta tashe su, suka fito ta tsaga a jere, suka bi hannun riga suka bazu.

Mutanen Legas suka ɗauka rawar Arewa ce. Wata mata mai ƙaton ɗankwali ta taso tana kwaikwayonsa, kafaɗa, kafaɗa, mari a wuya, tsalle. Kafin ka ce me, mutum goma sun shigo fili suna marin wuyansu a tare. Ɗangoggo yana ihu, "Wayyo! Wayyo Allah!" su kuma suna amsawa, "Wayyo!"

Da aka tashi, jikinsa duk ya yi rudu-rudu, amma ya dube ni ya ce, "Ka ga yadda nauyi ke tada mutane? Rabin aiki ma ke nan."

Ran Lahadi ya wuni yana ƙwaƙulo garin da cokali, sannan ya aika aka kira Saleh. Saleh birkila ne, Bazazzagi, yana aiki a gine-ginen gwamnati a Garki, irin mutanen nan da in ka nuna musu rami ba sa tambayar dalili, cikewa kawai suke yi. Ya zo da kwanon sarki da cokalin gini da ragowar siminti a buhu. Ya ƙwanƙwasa cikin jitar da ɗan yatsa, ya kara kunne.

"Wane haɗi kake so? Na filasta ko na dakin?"

"Wanne ya fi ƙarfi?"

"Na dakin. Shi ake ɗora bene a kai."

"Shi za ka yi."

"Da rodi ko babu?"

Ɗangoggo ya yi ɗan tunani. "Bari rodin. Kada mu wuce Jamusawa da yawa, su ji kunya."

Na ce, "Saleh, kai ma ka biye masa? Katako ne fa."

"Ai katako ake kafawa a zuba kankare," in ji Saleh. "Wannan ma an riga an kafa, an huta da kafinta."

Ɗangoggo ya naɗe wayoyin ciki da ledar burodi, Saleh ya kwaɓa haɗi ruwa-ruwa ya ɗura ta tsaga, yana zungura da tsinken tsire don kada iska ta maƙale. Da ya cika ya shafe bakin tsagogin sumul, ya goge cokalinsa, sannan ya kafa sharaɗi.

"Kankare ba ya son ƙishirwa. Safe da yamma ka ba ta ruwa, kwana biyar, ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. In ka yi wasa ta tsage, ba ruwana, kada ka ɓata mini suna."

Haka gidanmu ya ga abin da bai taɓa gani ba. Kullum da safe, mutane na layin banɗaki, Ɗangoggo zai fito da buta ya tsuguna a gindin jita, ya ɗaga buhu ya yayyafa mata ruwa, har da bismilla. Batulu ta manta da bango, don wannan ya fi ƙarfin shiru.

"Na ga masu ba lambu ruwa, na ga masu ba jaki. Malam, in ta yi tsiro ka tsinko mini ganyen in yi miya."

"Yi dariyarki. Ranar da Darakta zai kira ni ofis, a nan zan bar ki."

"Ka tafi da ita, ita ce ta ci garina."

Laraba ko gwaji bai je ba, wai ba a motsa kankare kafin ya nuna. Ran Juma'a ya yaye buhun. Fentin ya yi ƙuraje, bayan jitar ya buɗe kaɗan a gefe, amma da ya gwada ɗagawa ya kasa sai da ya sa gwiwa, murna ta kama shi har da hawaye. Maratayin fata ya tsinke a gwajin farko. Ya je wurin makanikai ya samo fambel ɗin tifa, robar nan mai juya inji, ya kafe shi a jikin jitar da ƙusoshi biyu.

Ranar fati Madam ta yi gyara na gaske. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗora katakai a kan bulo an yi sabon dandamali, an ajiye babbar tukunyar farfesu a tebur kusa da lasifika. Darakta ya zo cikin babbar riga, gajeren mutum mai tumbi da fara'a, yana ɗan jin Hausa don ya taɓa aiki a Sakkwato. Simon ya shigo, leburori na biye da akwatinsa. Can sai ga Ɗangoggo cikin farin kwat, yana turo baro, Saleh na gefe yana kare masa hanya.

Simon ya fara. Ba zan yi ƙarya ba, kiɗa ya yi daɗi, murya mai taushi mai zurfi, kana jin ta a ƙirji. Aka tafa masa ya sauka. Madam ta yi wa Ɗangoggo alama ya hau ya buga. Da bugawar kawai ya yi, da wataƙila abin ya tsaya a nan. Sai ya kama makirfo.

"Jama'a, assalamu alaikum, gud ibinin! An ce wai tawa kwafi ce. To yau za a yi ta ta ƙare. Ranka ya daɗe Darakta, kai ne babba a nan. Kowa ya san kayan ƙwarai da nauyi ake gane shi. Ka taso ka ɗaga wannan, ka ɗaga waccan, ka gaya wa duniya wacce ce 'yar Jamus!"

Darakta ya taso yana dariya, ya naɗe hannun riga. Ya ga akwatin da ƙarti biyu suka shigo da shi, saboda haka ya ware ƙafafu, ya ja numfashi, ya kama jitar Simon da hannu biyu ya fizga da ƙarfinsa duka. Jitar ta tashi sama kamar faifai, ta kusa taɓa rufin rumfa, shi kuma ya yi taga-taga da baya har hularsa ta faɗi. Simon ya yi ƙara ya tare.

"A'a!" in ji Darakta. "Wannan ai babu komai!"

Ya riƙe ta da yatsu biyu ya nuna wa jama'a. Na dubi Ɗangoggo. Bakinsa a buɗe yake, idonsa na kan akwatin da ke yashe a ƙasa, katako mai kaurin ƙofar shago. Na ga lokacin da abin ya shiga kansa, na kuma ga lokacin da ya kore shi.

"Kun gani!" ya daka tsawa. "Kun gani da idonku! Tasa ce jabu! An cuce ka a Legas, ɗan'uwa! Ranka ya daɗe, taɓa orijina ka ji!"

Darakta ya nufi baro, wannan karon da hannu ɗaya, yana murmushi. Ya ja, ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu ya yunƙura, sai muka ji ƙas daga bayansa. Ya tsaya a sunkuye kamar mai ruku'u, ya kasa miƙewa. Mutum biyu suka kama shi suka mayar kujera a haka.

"Wannan jita ne ko gada?" ya ce da ƙyar.

"Jamus ke nan, ranka ya daɗe!"

Ni da Saleh muka ɗaga ta muka rataya masa. Fambel ya nutse a kafaɗar farin kwat, gwiwoyinsa suka fara rawa tun kafin kiɗa. Aka sa waya. Lasifika ta ɗauki wani gurnani, don ruwan kwana biyar ya riga ya ratsa ledar burodi. Na ba da sanda huɗu muka shiga. Ɗangoggo ya ja tsirkiya, ta ce ƙwas. Ya ja ta biyu, ta ce ƙwas. Sautin bai fi na wanda ke ƙwanƙwasa bulo da cokali ba.

"Ƙara murya!" ya ce wa mai kula da na'ura.

Aka ƙara, gurnanin ya zama kuka. Ɗangoggo ya yi ta maza, ya ciji leɓe, ya yunƙura zai ɗaga wuyan jitar sama irin na kullum. Ƙusar farko ta fita daga jiƙaƙƙen katako ta wuce ta saman kaina. Ta biyun ba ta jira ba.

Jitar ta sauka a kan dandamali, ta fasa katako ta wuce. Katakon ya ɗaga ɗaya gefen ya watsar da gangata ƙarama. Wayar da ke jikinta ta fizgo lasifika daga kan sandarta, lasifika ta faɗa kan tebur, tebur ya kifa, tukunyar farfesu ta bi ta kan sahun gaba. Matar nan mai ƙaton ɗankwali ta miƙe da ƙafar saniya a cinya. Janareto ya yi tari ya mutu.

Muka leƙa ramin. Katakon jitar ya tarwatse kamar ɓawon gyaɗa, wuya a gefe, tsirkiyoyi a murɗe. A tsakiya ga kankare kwance, siffar cikin jita sak, har da ƙugunta.

Saleh ya tsallaka ya shafa shi, ya ɗago yana washe baki.

"Jama'a ku shaida! Ko tsaga ɗaya babu! Wanda ke son gini, ina Garki!"

Dariyar da ta fashe a wurin nan har tasha an ji ta. Darakta yana dariya yana riƙe baya yana cewa wayyo. Batulu, wadda ta zo kallo ta tsaya a bakin shinge, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza.

Madam Rosemary ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tako cikin romo har gaban Ɗangoggo.

"Kai wane irin mutum ne? Tun ran Talata Simon ya zo ya same ni. Ya ce Madam, bar mutumin nan a wurin sa. Ya ce ya rufe ido ya saurara, jita naka da nasa kusan ɗaya ne, hannu naka ma ya fi nasa. Na yarda. Na ce Simon zai buga waƙa biyu yau na baƙo, shi ke nan. Na jira ka Laraba in gaya maka, ba ka zo ba. Na aika gida, matar ka ya ce kana ba jita ruwa."

Ɗangoggo ya juya ya dubi Simon.

"Gaskiya ne, oga," in ji Simon a hankali. "Bambancin kaɗan ne, a tsirkiya na ƙasa kawai, sai wanda ya daɗe da su zai ji. Ni har na so in tambaye ka inda ka saya, in samu irinta na yawo, in bar wannan a gida. Akwai wata?"

"Ita kaɗai ce," in ji Ɗangoggo. Tun da na san shi ban taɓa jin muryarsa ƙasa-ƙasa haka ba, kuma a nan dariyata ta tsaya, tausayinsa ya kama ni.

Simon ya ɗan miƙo tasa. "Ko zai ara tawa, Madam, kafin..."

"Ka ba shi, gobe ya zuba masa dakin?" in ji Madam.

Simon ya janye jitarsa ya rungume ta a ƙirji.

"Simon, hau can. Daga yau wurin naka ne. Habibu, ɗauko ganga naka, mutane bai ci abinci ba, aƙalla ya ji kiɗa."

Aka tada janareto, aka gyara katakai, aka ɗaga lasifika aka share mata romo. Simon ya zo ya tsaya a hannun damana yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Ɗangoggo ya tsince katakan jitarsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a baro, Saleh ya taya shi ɗora kankaren a kai yana tambaya ko zai bar masa ya kai wurin aiki a gani. Babu wanda ya kira shi Oga Bes da zai fita.

Na ɗaga sanduna na ba da huɗu, bes ɗin Simon ya shigo. Ta saman shinge ina hango farin kwat yana tura baro a hanyar tasha. Ya yi nisa ƙwarai, amma ƙafarsa ba ta saɓa wa kiɗan ba ko sau ɗaya.